Ƙanena ya rasa ƙafa ya daina fita: keken guragu zan saya masa ko jari zan ba shi?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kurna, ina saro atamfa da leshi a Kantin Kwari ina sayarwa a gida. Ƙanena shekararsa 24, tela ne, saura kaɗan maigidansa ya yaye shi. Bara mota ta buge shi a kan babur. Aka fara kai shi wurin mai ɗori, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, ko da aka je asibiti sai aka ce ba makawa sai an yanke. Ta dama ce, an yanke ta ƙasa da gwiwa. Ciwon ya daɗe da warkewa, amma fiye da shekara ke nan ko zaure ba ya leƙawa. Ummanmu ce ke yi masa komai, har ruwan alwala, kuma da ya ɗauki sandunansa sai ta ce ya zauna kada ya faɗi. Abokansa sun ja jiki. Gidan da yake neman aure sun dawo da kaya. Baffanmu ya ce a samo keken guragu a riƙa tura shi bakin masallaci ranar Juma'a, tunda mahaifinmu ya rasu kuma ba mai kawo cefane gidan sai ni. Kwanan baya na ji ya ce da ma a hatsarin ya mutu. Na kwashi adashi, kuɗin suna hannuna. Keken zan saya, ko jari zan ba shi? Kuma ina ake samun taimakon nan da ake ta cewa ana yi wa masu buƙata ta musamman a Kano? Mu dai a rediyo kawai muke ji.

Yayarsa, daga Kurna

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa kaffara ce, ya jiƙan mahaifinku, ke kuma ya saka miki da alheri bisa wannan zumunci.

Kada ki sayi keken, kuma kada ki miƙa jarin tukuna. Ki ƙulle kuɗin nan ki ajiye su na 'yan makonni inda cefane ba zai taɓa su ba. Akwai abin da ya riga su.

Maganar da kika ji ya yi ita ta fi tsaya mini a rai. Mu a gida in aka ji irin wannan sai a ce "kai, yi istigfari," a rufe zancen, shi kuma ya koyi cewa kada ya sake faɗa a gaban mutane. Abin yana nan a zuciyarsa, bakin kawai aka rufe. Ki sami lokacin da Umma ta fita unguwa, ki zauna da shi ku biyu, ki ce masa kin ji abin da ya ce kuma ba faɗa kika zo yi ba. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da babu shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, ko kika lura ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina wanka, to ciwon damuwa ne, kuma yana da magani kamar hawan jini. Akwai likitocinsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma duk likitan da ya duba ƙafar zai iya rubuta muku takardar turawa. Kafin nan ki kwashe tarin magunguna da fiya-fiya da duk makamancinsu daga ɗakin da yake kwana, ba tare da kin yi shela ba.

A wannan zaman ne kuma za ki yi masa tambayar da ban ga alamar an taɓa yi masa ba. Na karanta wasiƙarki na ji abin da Umma take so, na ji na Baffa, na ji shawarar da ke kanki kike saƙawa. Nasa ne ban ji ba. Namiji ne ɗan shekara 24 mai sana'a a hannu, amma shekara guda ana yanke hukunci a kan rayuwarsa a tsakar gida yana jiyowa daga ɗaki. Ki ce masa, "Ga kuɗi na samu, me kake ganin ya kamata mu yi da su?" Wataƙila ya ce ki yi duk abin da kika ga dama. Kada ki karɓi wannan amsar. Ki ce za ki dawo jibi ki ji.

Yanzu batun ƙafar. A cikin wasiƙarki akwai kalmomi uku da ya kamata ki yi hamdala a kansu: ƙasa da gwiwa. Wanda aka bar masa gwiwarsa ya fi wanda aka yanke a cinya sauƙin koyon tafiya da ƙafar roba nesa ba kusa ba, domin gaɓar da ke lanƙwashewa tasa ce ta halitta. Matashi mai lafiyar jiki irinsa, in aka yi masa ƙafar da ta zauna daidai kuma ya yi atisaye, zai iya hawa adaidaita sahu, ya shiga kasuwa, ya tsaya a sahu, wanda bai sani ba ma ba lallai ya lura ba in yana sanye da wando. Keken guragu ba abin kunya ba ne, ga wanda lakarsa ta taɓu ko ƙafafunsa biyu suka shanye shi ne 'yancinsa. Amma ƙanenki ba shi ne buƙatarsa ba. Ki duba lungunku da kwatocinsa da yashinsa da dandamalin ƙofar kowane gida. Keken da sai an tura shi a irin wannan wuri zai ɗaure shi ne da mai turawa.

Wurin zuwa yana kusa da ku, Asibitin Ƙashi na Dala. Tun 1959 yake aiki, ɗaya ne daga cikin manyan asibitocin ƙashi na tarayya irin na Igbobi a Legas da na Inugu, kuma daga faɗin Arewa ake zuwa cikinsa. Yana da sashen da ake auna mutum a haɗa masa ƙafar roba, yana da na gashin ƙashi. Ku je da duk takardun aikin da aka yi masa, a duba dungun, a faɗa muku irin ƙafar da ta dace da shi da kuɗinta. Sai kin ji wannan adadin za ki san yadda za ki kasa adashinki.

Kada ku ja lokaci, domin zaman nan da yake yi yana cin jikinsa. Wanda ya wuni a zaune gwiwa a lanƙwashe, wata da watanni, gwiwar takan ƙage ta ƙi miƙewa sosai, kuma ƙafar roba ba ta zama daidai a kan ƙagaggiyar gwiwa. Naman cinya yana saki, jiki yana ƙara nauyi. Saboda haka kada ki yi mamaki in an ce sai ya yi makonni yana zuwa gashi kafin a auna shi. Za a koya masa miƙe gwiwa, da kwanciya rubda ciki na ɗan lokaci kullum, da naɗe dungun da bandeji mai talewa don ya yi siffar da za ta shiga mazaunin ƙafar robar, wato ramin da dungun ke shiga. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, shi ne rabin aikin. Bayan an yi ƙafar ma dungu yakan ƙara motsewa, sai mazaunin ya yi masa yawa, a ƙara safa ko a gyara ko a sake wani. Ki ware wani abu tun yanzu saboda wannan, don mutane da yawa a nan suke karaya su jingine ƙafar a bayan ƙofa. Kullum da dare ya duba fatar wurin, da madubi in ya kama. Ja ko kumburin da bai baje ba, a koma asibiti, kada a daure. Kuma ko kusa kada wani ya kawo muku ƙafar wani ta gwanjo ya ce ta fi araha. Da awon dungun mutum ake yin mazaunin, na wani ba ya shiga na wani sai da ƙuje da gyambo.

Wani abu da masu wannan lalura suke jin nauyin faɗa: mutum yakan ji ƙaiƙayi ko zafi ko tsukewa a yatsun ƙafar da aka riga aka yanke. In ƙanenki yana jin haka, ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma taɓin hankali ba. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ba su gama sabawa ba, kuma yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jinsa. Ya faɗa wa likita, akwai abin da ake yi.

Sai Umma, kuma a nan ne aikinki ya fi wuya. Ba ni da abin zargi a kanta. Uwa ce da ta ga ɗanta ya fita da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya, ga maraici. Ina kuma zaton tana ɗauke da nauyin zuwa wurin mai ɗori a zuciyarta, ko da ba ita ta ce a je ba. Duk butar da ta kai masa, wani ɓangare na wannan nauyin take saukewa. Sai dai abin da ke shiga kunnensa kullum shi ne "ba za ka iya ba," kuma daga bakin wadda ya fi yarda da ita a duniya. Mutum in ya ji haka sau ɗari zai gaskata.

Kada ki je mata da "ke kike ɓata shi." Za ta yi kuka, ku rabu ba a cimma komai ba. Ki ba ta labarin Amru ɗan Jamuh, Allah ya yarda da shi. Sahabi ne dattijo mai tsananin ɗingishi. Da za a fita yaƙin Uhudu 'ya'yansa suka hana shi, suka ce Allah ya ɗauke masa, su za su je a madadinsa. Ya tafi wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kai ƙararsu. Annabi ya tabbatar masa cewa lallai an yi masa uzuri, sannan ya juya ga 'ya'yan ya ce kada su hana shi. Ya fita, kuma a Uhudu ya yi shahada. 'Ya'yan nan ƙauna ce ta sa suka tare shi, kuma hujjarsu gaskiya ce, amma duk da haka aka ce su sakar masa hanya. Uzurin da Alƙur'ani ya yi wa gurgu rangwame ne da aka ba shi a hannunsa, ba a ba danginsa don su tsare shi a ɗaki ba. Umma za ta fahimci wannan fiye da duk wani bayanin likita. Daga nan ki roƙe ta abu ɗaya tak: ranar zuwa Dala ta bi ku, ta zauna a sashen gashi ta ga masu irin lalurar ɗanta suna takawa. Kuma ki ba ta wani aikin a madadin wanda za ki karɓe, ita ce mai tuna masa atisaye safe da yamma. Zai faɗi wata rana, kowa da ke koyon sanduna yana faɗuwa. Ki gaya mata tun kafin ya faru.

Gidan ma yana buƙatar 'yan gyare-gyare da ba su kai kuɗin turmin leshi ba. Masai na tsuguno shi ne babban abin da ke kunyata mai ƙafa ɗaya, kuma ba zai taɓa faɗa muku ba. Kafinta ko mai walda zai yi kujera mai huda da za a ɗora a kai, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, a sa ɗan benci a wurin wanka. A daina barin ruwan wanke-wanke yana kwanciya a siminti, don santsi ne abokin gabar sanda. In dokin ƙofar zaure ya yi tsawo, a zuba ɗan gangare. A bar shi ya ɗebi ruwan alwalarsa da kansa.

Masallacin unguwa shi ne fitarsa ta farko da nake so, tun kafin ƙafar roba. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari sananne ne: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Kujerar roba a ƙarshen sahu ta wadatar. In yana da shakku kan alwala da abin da ya rage na ƙafar, ya tambayi liman da bakinsa, wannan ma dalilin fita ne. Abokan nan da kika ce sun ja jiki, yawancinsu ba ƙi ba ne, rasa abin faɗa ne, ko kuma sun zo sau biyu an ce yana barci. Ki kira wanda ya fi kusa da shi ki ce ya riƙa biyo masa sallar Magariba. Kada ki ce ya zo dubiya, an wuce lokacin dubiya.

Kin tambayi inda taimako yake a Kano. Zan faɗa miki yadda na ga abin yake, ba yadda ake faɗa a taro ba. Taimakon da ya fi tabbata a garin nan yana hannun masu lalurar su kansu. Kano gari ne da shan inna ya yi wa ɓarna mai yawa kafin a kai ga 2020, shekarar da aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka, kuma waɗanda ta shafa ba su zauna jira ba. Ƙungiyar waɗanda suka kamu da shan inna ta Kano, wadda Aminu Ahmad Tudun Wada ya yi suna da jagorancinta, ta shahara da aikin walda, guragu ne suke ƙera kekuna masu taya uku da ake tuƙawa da hannu, suna koya wa 'yan'uwansu sana'ar. Ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan allo mai taya, ɗan Kano ne, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro ta a 1988. Masu ƙafa ɗaya ma suna da tasu ƙwallon da suke bugawa da sanduna, har Najeriya tana da tawagar ƙasa. Sannan akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, JONAPWD, mai reshe a Kano, da ɓangaren masu lalurar gaɓoɓi a cikinta. Ga kuma tsarinmu na gargajiya, mai sarkin guragu da sarkin makafi, wanda ya daɗe yana haɗa kan jama'arsa.

Ba don a ba shi buhun shinkafa nake tura ku wurinsu ba. Abin da ƙanenki ya rasa, wanda ke da Umma ba ku da shi ko da kuna so, shi ne namiji sa'ansa da aka yanke wa ƙafa shekara biyar da suka wuce, yana da shago, yana da mata, ya zauna kusa da shi ya ɗage wando ya nuna masa yadda yake ɗaura tasa. In ke kika ce masa zai iya, zai ce a ransa ai ke da ƙafafunki biyu. In wancan ya faɗa, ba shi da amsa. A layin sashen ƙafar roba a Dala za ku haɗu da irinsu. Ki bar shi ya yi hira da su, ki ja gefe, ya karɓi lambobin waya da kansa. Ta bakinsu ne kuma ake fara jin labarin horon sana'a ko rabon kayan aiki ko gurbin karatu, don sunayen da ƙungiya ta miƙa su ake fara dubawa. Ya yi rajista da su.

Ta fuskar gwamnati, doka tana nan. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun gwamnati, a ba su fifiko a layi, kuma ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Kano ma tana da tata dokar ta jiha. Ya kamata ya san wannan don ya daina jin cewa alfarma yake roƙo in ya nemi a ba shi wuri. Amma ke da kike shiga gari kin ga matakalar bankuna da ofisoshi, kin san tsakanin takarda da aiki akwai tafiya. Ku nemi abin da ake nema: ya sami katin ɗan ƙasa, da asusun banki da sunansa, da takardar likita mai bayyana lalurarsa, ku tambayi hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, kan tsarinta na marasa galihu, ku kai takarda Hukumar Zakka da Hubusi ta hannun mai unguwa. In ya zo, alhamdu lillahi. Kada dai ku dakatar da komai kuna jiransa. Duk wanda kuma ya ce ku biya kuɗin fom don a sa sunansa a tallafi, ku kama gabanku.

Batun Baffa. Na san ba mugunta ba ce, ya duba gidan marayu ne ya ga ba shiga sai fita, ya kawo abin da ya saba gani. Amma amsar ita ce a'a, kuma a'a ɗin da ba ta da "sai dai in." Dokar nan da na ambata ta haramta amfani da mai nakasa wajen bara, Hisba ma takan yi kamen mabarata a titunan Kano. Ko da babu wannan, saurayin da ke cewa da ma ya mutu, in aka ajiye shi a ƙofar masallaci abokan karatunsa suna wucewa suna jefa masa canji, me kike zaton zai rage a zuciyarsa? Ba na raina waɗanda rashin mafita ya kai can. Ƙanenki yana da mafita, tana cikin yatsunsa goma. Ki je wa Baffa da ladabi, ya fi kyau ki tafi da maigidanki ko wani kawu da yake jin maganarsa. Kada ki tsaya musu, ki ba shi aikin da ya dace da girmansa: shi zai je wurin maigidan yaron a shago ya yi magana ta manya, shi zai tuntuɓi masu hali a dangi. Zakka tana halatta ga ɗan'uwa mabuƙaci wanda ciyar da shi bai wajaba a kan mai bayarwa ba, kuma zakkar mutum biyu in aka haɗa ta wuri guda aka sayi kayan aiki ta fi 'yan canjin da ake rarrabawa a ƙofar gida amfani. Dattijo in aka ba shi matsayi a cikin shiri, yakan zama mai kare shi.

Ɗinkin fa? Na tabbata abin da ya fara faɗo masa a gadon asibiti shi ne, da wace ƙafa zan taka keke. Amsar tana da sauƙi fiye da yadda yake tsammani. Keken ƙafa irin Butterfly ana taka shi da ƙafa ɗaya, ta hagu za ta saba cikin 'yan makonni, ɗinkin zai ɗan karkace da fari sannan ya miƙe. Ana kuma ɗaura wa irin wannan keken ƙaramin moto, sai dai a danna kawai, kuma manyan kekunan lantarki ma haka suke. Matsalar moto ita ce wuta, shi ya sa nake so ya koma shagon maigidansa inda ake tayar da janareta, maimakon a kai masa keke ɗaki. Keke a ɗaki zai ba shi aiki amma zai bar shi a inda yake, shi kaɗai da bango. A shago akwai hira, akwai rediyo, akwai gardamar ƙwallo, akwai mai kawo ɗinki da zai yi masa ƙorafin wuyan riga ba tare da ya tuna da ƙafarsa ba. Wannan ƙorafin ma magani ne. Yanka da guga da ake yi a tsaye, doguwar kujera ta magance su. Kafin azumi kowane tela a Kano neman ƙarin hannu yake saboda ɗinkin Salla, haka lokacin komawa makaranta ga yunifom. Da wuya maigidan da ya kusa yaye yaro ya ƙi karɓarsa a irin wannan lokaci, musamman in babba ne ya je masa.

To ga yadda nake ganin kuɗin. Kaso mafi girma na ƙafar ne da zirga-zirgar gashi. Sai ɗan abin gyaran banɗaki. Sai kuɗin adaidaita zuwa shago na watannin farko, don kada rashin na mota ya zama hujjar zama. Abin da ya rage ki riƙe har ya kammala a yaye shi, sannan ya zama kafin alƙalamin keken ɗinkinsa na kansa. In kuɗin bai kai ƙafar ba, kada a fasa komai, da sanduna zai fara zuwa shago, ana tarawa. Kuma in kin zo ba shi na keken, shawarata ki ba shi a matsayin rance ko haɗin gwiwa, ku rubuta, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ba don kina buƙata ba. Shekara guda ke nan yana karɓa, wanda ake bi bashi kuwa an yarda ke nan zai samu. Ga shi ke atamfa kike sayarwa, duk wadda ta sayi turmi a hannunki tela take nema. In ɗinkin maza ya koya, akwai hijabai da zannuwan gado da kayan yara da za ki riƙa karɓo masa. Ki biya shi kuɗin aikinsa cif kamar kowane tela, in ya ɓata kuma ki mayar masa ya gyara.

Auren da aka fasa ya yi masa ciwo, wataƙila fiye da yadda kuke zato, don haka kada a riƙa zagin gidan yarinyar a gabansa, kada kuma a yi gaggawar nemo masa wata don a share masa hawaye. Masu ƙafar roba da masu keke suna aure a garin nan kullum, suna haihuwa, suna riƙe gidajensu. In ya koma shago ya fara kawo cefane, shi da kansa zai tayar da zancen.

Ke ma ki kula da kanki. Ki sanar da maigidanki abin da za ki yi da adashin tun kafin ki taɓa shi, kuma kada ki zuba uwar kuɗin sana'arki a ciki, don in atamfar ta tsaya gida biyu ne za su shiga wani hali. In kuna da wasu 'yan'uwa, a raba ranakun rakiya asibiti, kada ya zama ke kaɗai.

Ki fara da zaman nan na ku biyu a cikin makon nan, sannan ku sa ranar zuwa Dala, shi zai zaɓi ranar. In kun dawo ki sake rubuto mini abin da aka ce game da gwiwar da kuma abin da shi ya ce yana so, sai mu ɗora daga nan. Ki gaishe mini da Umma.